DANDALIN 'YAN MATA: Sabo Turken Wawa, Har Da Mai Wayo

Na gode ƙwarai da wasiƙunku da kuke ta aiko mini, Allah ya bar zumunci. Wadda ba ta ga amsar tata ba tukuna ta yi haƙuri, layi ne, in Allah ya yarda zai zo kanta.

A wannan fitowar na so mu ci gaba da zancen lefe da muka faro, to amma sai ga wata wasiƙa da ta hana ni barci. Sau uku na karanta ta, a na ukun sai da na share hawaye. Don haka zancen lefe ya ɗan dakata, ba inda za shi. Ga abin da ƙanwar tamu ta rubuto:

"Anti, don girman Allah ki sakaya sunana da na unguwarmu. Ni yarinya ce 'yar shekara 18, ina ajin ƙarshe a sakandare. Tun ina aji huɗu nake fama da ciwon mara, in al'adata ta zo har birgima nake yi a ƙasa. Wata rana a makaranta ƙawata ta ba ni wata ƙwaya ta ce taramol ce, na sha. Kafin a tashi ciwon ya tafi, jikina ya yi sakayau, na ji kamar ba ni da sauran damuwa a duniya. Daga nan duk wata sai na sha. Daga wata ya koma sati, yanzu kuwa Anti kullum ne. Ranar kamun wata 'yar ajinmu kuma aka koya mini na kwalba, wanda ake juyewa cikin lemo. Na sayar da 'yan kunnena na gwal, na ce wa Mama faɗuwa suka yi. Na sha rantsuwa na daina, har Alƙur'ani na dafa, amma in na kwana biyu ban sha ba sai hamma da hawaye da ciwon gaɓoɓi da gudawa, kamar zan mutu. An sa ranata bayan jarrabawa, wallahi ina son shi, kuma bai san komai ba. Anti aljanu ne suka shige ni, ko asiri aka yi mini, ko dai ni lalatacciya ce? In faɗa masa ko in yi shiru? Ki taimake ni."

To ƙanwata, share hawayenki ki matso kusa. Ku ma sauran ku matso, domin in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

BA ALJANU BA NE

Bari in fara da tambayarki ta tsakiya. Abin da kika zayyano, hamma da hawaye da ciwon gaɓoɓi da gudawa, likitoci sun san shi sarai. Haka jiki yake yi idan ya saba da taramol ko kodin aka janye masa. Ba aljani, ba asiri. Kuma lalatacciya ba ta zama ta rubuta irin wannan wasiƙa. Ciwo ne ya kama ki, ciwon da ake kira jarabar ƙwaya, kuma yana da magani.

Ba ke kaɗai ba ce kuma. A farkon 2019 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da ofishin UNODC na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Binciken ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da kayan maye a cikin shekara guda, kuma a duk mutum huɗu ɗaya mace ce. Masu shan magungunan kashe zafin ciwo irin su taramol ba bisa umarnin likita ba sun kai miliyan 4.6, masu shan maganin tari kuwa miliyan 2.4, kuma a wajen maganin tarin nan mata kafaɗa da kafaɗa suke da maza. Kun tuna a ƙarshen watan Afrilu na 2018 gidan BBC ya fitar da fim ɗin bincike a kan kodin, wanda ya tayar da hankalin kowa, har a ranar 1 ga Mayu Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Doka ta yi nata, amma ga wasiƙar ƙanwarmu a hannuna tana shaida cewa abin bai bar ɗakunanmu ba.

Bambancin kawai shi ne, namiji yakan sha nasa a bakin titi kowa ya gani, mu kuwa namu a ƙuryar ɗaki ne, cikin mayafi da kwalbar lemo. Shi ya sa namu yake daɗewa ba a gano ba, shi ya sa kuma mata kaɗan ne ke zuwa neman magani.

YADDA AKE KAFA TURKEN

Hausawa suka ce sabo turken wawa. Ni dai a zamana na duniya na ga turken nan ya ɗaure masu wayo, ya ɗaure 'yan boko, ya ɗaure 'ya'yan malamai da matan manya. Ba ya tambayar wayonki. Ku saurara ku ji yadda ake kafa shi.

Allah cikin ikonsa ya yi mana wani wuri a ƙwaƙwalwa mai ba da tukuici. Idan kin sha ruwan randa a tsakiyar zafin bazara, ko kin ci abinci kina jin yunwa, ko an kira sunanki kin zo ta ɗaya a aji, sai ƙwaƙwalwa ta saki wani sinadari da ake kira dofamin. Aikinsa ya raɗa miki cewa wannan abu da daɗi, riƙe shi, gobe ma ki sake. Da wannan ne muke cin abinci, muke son 'ya'yanmu, muke ƙoƙari a rayuwa.

To su kayan maye ta wannan ƙofar suke shiga, sai dai ba sa sallama. Ambaliya suke yi wa wurin, fiye da yadda abinci ko yabo za su taɓa yi. Ita kuwa ƙwaƙwalwa da ta ga abin ya yi mata yawa, sai ta rage jin nata. Kun san mai shan shayi da sukari cokali biyar? In aka ba ta mai cokali biyu cewa za ta yi salam, alhali ba shayin ne ya canja ba, harshenta ne. Haka abin yake. Ƙwaya ɗaya da ta wadatar da ke a da, yanzu sai biyu, sai huɗu. Hira da 'yan uwa, karatu, kwalliya, duk su zama salam. Daga nan kuma jiki ya jingina da ita gaba ɗaya, kamar mai jingine da ƙyaure, ranar da aka buɗe ƙyauren sai faɗuwa. A lokacin ba don daɗi kike sha ba, don kawai ki iya miƙewa ki yi wanka ki tafi makaranta kamar kowa.

Wani abin kuma, sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda shi ne birki, mai cewa tsaya ki yi tunani, ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Wato ku 'yan sakandare motarku tana da gudu amma birkin bai gama ƙwari ba. Shi ya sa wadda ta fara da ƙuruciya ta fi saurin kamuwa.

Ga kuma haɗarin da ya fi tsorata ni. Kodin idan ya shiga jiki hanta tana juya wani sashe nasa ya koma mofin, shi kuwa in ya yi yawa numfashi yake ragewa. Idan aka haɗa shi da ƙwayar barci, irin su roci ko diyazefam, yarinya tana iya kwanciya barcin da ba tashi. Taramol ɗin asibiti mai ƙarfin miligiram 50 ko 100 ne, na bayan fage kuwa akwai mai 200 da 225 har 250, kuma idan ta yi yawa tana sa mutum ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Sau nawa aka ce wance ta faɗi a wajen biki aljanunta sun tashi? Allah kaɗai ya san nawa ne a ciki aikin ƙwaya.

TURKEN IRI-IRI NE

Kada wata ta karanta ta ce ai ni ban taɓa ƙwaya ba, ba ruwana. Tsaya tukuna, 'yar uwa. Shishar nan da ake ɗauka gayu ce, mai ƙamshin tufa da na'ana'a, taba ce, akwai nikotin a cikinta, kuma ruwan da hayaƙin yake bi ba ya wanke dafin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2005 cewa zaman shisha na awa guda yana iya sa mutum ya zuƙi hayaƙin da ya kai na karan sigari 100 ko fiye. Akwai sholisho da sauran abubuwan shaƙa, masu lalata ƙwaƙwalwa da wuri. Akwai wiwi, wadda wasu ke dafawa a shayi ko su zuba a abinci a wajen biki. Akwai maganin barci da mace za ta fara saboda kishiya ta hana ta sukuni, ta wayi gari ba ta iya runtsawa sai da shi.

Akwai kuma wanda ba a haɗiya ba a shaƙa. Caca ta shigo cikin waya, ba sai an je bakin kasuwa ba, kuma ta wannan ƙofa ta dofamin take shiga. A kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022, an lissafa jarabar caca da jarabar wasannin kwamfuta da waya a matsayin ciwo. Ku duba ma a Suratul Ma'ida, aya ta 90, giya da caca wuri guda aka ambace su. Ita kanta wayar, ni Antinku ba zan ɓoye muku ba, sau biyu tukunyar shinkafata tana ƙonewa ina can ina latse-latse, sai da maigida ya ce ko dai a ɗaura mana aure da wayar ne kowa ya huta. Ban ce ƙonewar shinkafa daidai take da shan kodin ba, a'a, wani turken ya fi wani zurfi. Amma igiyar iri ɗaya ce.

In kina son ki gane ko an ɗaure ki, tambayi kanki abu huɗu tsakaninki da Allah. Abin da nake sha ko nake yi, ƙaruwa yake? Na taɓa niyyar bari na kasa? Ina ɓoyewa, ina ƙarya saboda shi? Na ga yana cutar da ni, a karatu ko a lafiya ko a aljihu, amma na ci gaba? In amsarki "e" ce ko da a biyu ne, to lokacin neman taimako ya yi.

ABIN DA YA FARU A GIDANMU

Ƙanwata, ba daga littafi kawai na san wannan magana ba. Akwai ɗiyar ƙanwar mahaifiyata da ta tashi a gidanmu, ɗaki ɗaya muke kwana. Yarinya mai kunya, mai ƙoƙari a Islamiyya, in tana karatu har maƙwabta kan saurara. An kawo kayan sa ranarta, an raba alewa da goro, saura wata biyu biki wanda zai aure ta ya aiko a ba shi kayansa, wai ya fasa. Ba dalili, ba bayani.

Ta daina cin abinci, ta daina barci. Mu kuwa abin da muka iya shi ne "ki yi haƙuri, wani hanin ga Allah baiwa ne." Gaskiya ne, amma ba wanda ya zauna ya saurare ta. Wata maƙwabciya ce ta tausaya mata ta ba ta ƙwayar barci. Wallahi da kyakkyawar niyya ta ba ta. Daga rabi ta koma ɗaya, daga ɗaya ta koma uku, daga baya na kwalba ya shigo. Mun ga tana yawan barci, maganarta tana jan ƙafa, ta rame, kuɗin cefane yana ɓata, amma muka ce ɓacin rai ne. Sai ranar da aka zo kwashe kayan ɗaki za a yi fenti, aka jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado. Kwalabe ne fal.

Innalillahi! Ranar gidanmu kamar an yi mutuwa. Yayanmu ya zane ta da bulala, aka kulle ta a ɗaki, aka ce ba ta ba fita, mu ga ta inda za ta samu. A rana ta uku muka ji faɗuwa. Muka buɗe muka same ta a ƙasa tana jijjiga, ta ciji harshe, bakinta duk jini. Nan take aka ce aljanu, aka fara neman mai ruƙiyya. Allah ya yi wa wata nas da ke layinmu albarka, ita ce ta shigo ta ce a ɗauke ta sai asibiti yanzu-yanzu. Abin da likita ya faɗa mana har yau yana kunnena. Ya ce yanke mata ƙwayar barci da muka yi lokaci guda shi ya kawo jijjigar, kuma da ƙarar kwana da mun kashe ta da hannunmu muna ganin gyara muke yi.

A asibiti aka riƙa rage mata maganin kaɗan-kaɗan, aka kuma gano ciwon damuwa ne ya kwantar da ita tun farko, aka ɗora ta a kan maganinsa, ana kuma zama da ita ana tattaunawa. Ta dawo gida ta yi kyau. Bayan wata biyar aka yi wani biki, ta haɗu da tsofaffin ƙawaye, ta koma ruwa. Mahaifiyarta ta ce ta sallama ta. Kakarmu, Allah ya jiƙanta, ita ce ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ku mayar da ita wajen likitan." Aka mayar. Yau tana ɗakin mijinta da 'ya'ya uku, tana da keken ɗinki biyu da 'yan koyo. Kafin in rubuta wannan sai da na nemi izininta, ta ce, "Yaya rubuta, in dai zai ceci wata."

HANYAR KWANCE IGIYA

Na farko, ki faɗa wa mutum ɗaya. Wannan ciwo a duhu yake ƙiba. Na san kina tsoron Mama, amma uwa uwa ce, za ta yi kuka, wataƙila ta yi faɗa, daga baya ita ce za ta riƙe hannunki. In ba za ki iya fuskantarta ke kaɗai ba, ki sami gwaggo ko inna ko yayarki mai hankali, ko malamarku ta Islamiyya mai riƙe sirri, ku je tare. In bakinki ya yi nauyi, miƙa mata wannan shafin ki ce, "Mama karanta, ni ce." Ki faɗi gaskiyar 'yan kunnen ma, ki sauke kayan gaba ɗaya.

Na biyu, likita. Kada ki yanke da kanki a ɗaki, musamman da yake kin haɗa iri biyu, balle in akwai ƙwayar barci a ciki. Ki gaya wa likita ainihin abin da kike sha da yawansa, kada ki rage, domin da shi zai auna yadda zai taimake ki. Wahalar janyewar taramol da kodin takan fi tsanani a kwana biyu zuwa uku na farko, yawanci kuma cikin mako guda zuwa kwana goma mafi munin ya wuce, akwai kuma magungunan da ke sauƙaƙa ta. Rashin barci da kasala sukan ɗan daɗe, kada su karya miki gwiwa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, haka manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano suna da wannan sashe. Kada sunan ya tsorata ki, zuwa can ba ya nufin hauka, kamar yadda zuwa asibitin ido ba ya nufin makanta. Hukumar NDLEA ma, wadda aka kafa a 1989, ba kamu kaɗai take yi ba, tana da sashen ba da shawara da gyaran hali, kuma a 2022 ta buɗe layin waya na kyauta, 0800 1020 3040.

Iyaye kuma don Allah a yi hattara da inda za a kai yaro. Kun tuna a watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, jikinsu duk tabon duka. Iyayensu gyara suka kai su. Mari yana ɗaure ƙafa ne, ciwon kuwa a kai yake.

Na uku, a nemo tushen. Ke ciwon mara ne ya kai ki, kuma yana nan yana jiran ki wata mai zuwa. In ba a yi maganinsa ba, shi zai sake tura ki. Ki gaya wa likitar mata, akwai magungunan da ba sa kama mutum, ga ɗumama mara da ruwan ɗumi, kuma ciwon da yake sa birgima ya kamata a bincika ko da wani abu a ƙasa. Wadda damuwa ce ta kai ta, ko tashin hankalin gida, ko wani abu da aka yi mata da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ita ma sai an taɓa wannan wurin.

Na huɗu, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ƙawar da kuke sha tare, ki yi mata addu'a, ki nuna mata hanyar asibiti, amma ki ja jikinki. Goge lambar mai kawo miki. Canja hanyar da take bi ta gaban kyamis ɗin nan. Bikin da kika san za a sha, ki aika da gudummawarki ki zauna a gida. Kuɗi kuma a ɗan wannan lokaci ki bar su a hannun Mama.

Na biyar, ramin da ƙwaya ta bari sai an cike shi, in ba haka ba ita za ta dawo ta cike. Ki riƙe karatun jarrabawarki, ki koma hadda, ki koyi ɗinki ko ƙunshi ko girki, ki riƙa motsa jiki, ki kwanta da wuri. Da farko komai zai yi miki salam, kamar shayin nan mai cokali biyu. Ki daure, harshe yana dawowa. Idan sha'awar ta taso, ki sani kamar hadari take, takan haɗu ta yi baƙi ƙirin, in kin ba ta ɗan lokaci ta watse. Tashi ki yi alwala, fito tsakar gida cikin mutane, kira wadda ta san sirrinki. Kada ki ce har abada, ki ce yau dai ba zan sha ba. Gobe ma ki sake faɗa.

Na shida, in an yi tuntuɓe a tashi. Masana a Amurka sun ƙiyasta cewa cikin mutum 100 da suka yi magani, 40 zuwa 60 sukan sake komawa, kusan kamar yadda hawan jini da asma suke tasowa bayan sun lafa. Ba wanda yake cewa mai hawan jini ya ci amana don jininsa ya sake hawa, asibiti ake mayar da shi. Sai dai ki riƙe wannan da kyau: bayan an daina, jiki ya manta da yawan da ya saba, wadda ta koma ta sha adadinta na da tana iya mutuwa a kansa.

Na bakwai, ki riƙe Allah, ki kuma riƙe magani, ba sa faɗa da juna. Ki tuna ita kanta giya a mataki-mataki aka haramta ta, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida, domin Mahaliccinmu ya san halin sabo. A cikin Bukhari akwai labarin wani mutum da aka sha kawowa gaban Manzon Allah (SAW) saboda shan giya, wani ya la'ance shi, Manzon Allah ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. To wace ce ni, wace ce ke, da za mu yanke ƙauna? Rantsuwar da kika karya akwai kaffararta, ki tambayi malamarku. Kuma ki daina dafa Alƙur'ani a kan wannan, ki riƙa buɗe shi kina karantawa.

SHI KUMA ANGON FA?

Na san nan kika fi jira. Ƙanwata, aure ba asibiti ba ne. Da yawa an yi musu aure don su shiryu, ƙwayar ta bi su cikin kayan jere. Ga kaɗaicin amarci, ga kuɗin cefane a hannu, ba Mama a kusa. In kuma ciki ya shiga, abin da kika sha yana isa ga jariri, har a haife shi yana fama da irin wahalar da kike sha in kin kwana biyu babu. Mai ciki ma ba a son ta yanke da kanta, sai da likita.

Shawarata, kada ki fara da shi, ki fara da gida da asibiti. Idan kin kama hanya, iyaye su duba ko za a ɗaga ranar, ɗaga biki ba abin kunya ba ne. Sannan kafin a ɗaura a sanar da shi, da bakinki ko ta bakin babba mai hikima. Ya ji daga gare ku kina kan magani ya fi ya tsinci kwalba a bayan gado, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba zan yi miki ƙarya in ce lallai zai tsaya ba. Yana iya tsayawa, yana iya tafiya. 'Yar uwata da na ba ku labari ta faɗa wa nata tun kafin a kawo sadaki, ya yi kwana uku bai zo ba, a na huɗu ya dawo ya ce shi zai riƙa raka ta asibiti. In naki ya tafi za ki yi kuka, mu taya ki, amma ranki da lafiyarki sun fi ranar da aka sa.

Ku kuma sauran ƙannena, abu biyu nake roƙonku. Kada ki karɓi ƙwaya daga hannun ƙawa komai ciwon da kike ji, kada kuma ki sha lemon da ba a gabanki aka buɗe ba. Idan kuwa kika ga wata ta sha ta kwanta ba ta farkawa, numfashinta yana ja da ƙyar ko tana wani irin minshari, leɓɓanta sun canja launi, kada ki ce a bar ta ta yi barci, kada a ɗura mata madara ko manja. A kwantar da ita ta gefe, a nemi mota sai asibiti, a kuma faɗi abin da ta sha, domin akwai allurar da ke karya dafin kodin da dangoginsa in an kai da wuri. Tsoron tonon asiri kada ya sa ki rasa ƙawarki. Wadda kuma Allah ya tsare, ta gode masa, ban da gori, ban da yaɗawa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Ƙanwata mai wasiƙa, ina jiran ki sake rubuto mini, ko layi biyu ne, ki ce "Anti na faɗa wa Mama." Ina sa ki a addu'a. Allah ya yaye miki, ya ba ki sa'ar jarrabawa, ya zaɓa miki mafi alheri, ya shirya mana zuri'a baki ɗaya, amin.

A fitowa ta gaba in Allah ya kai mu za mu koma kan zancen lefe, da tambayar da da yawanku kuka aiko, wai akwati nawa ne ya isa. Kafin nan a ci gaba da aiko da wasiƙu. Ku huta lafiya.

Taku har kullum,
Antinku.